Sikeli, Littafi da Biro: Yadda Ake Gano Inda Ribar Injin Shinkafa Take Zurarewa

Duk mai injin casar shinkafa a Gombe ya san yadda buhun shanshera ya kwana a Tudun Hatsi, ya san kuɗin litar dizal, ya san abin da yake biyan ofareta da 'yan dako. Amma ka tambaye shi kilo nawa na tsaba ke fita daga kilo 100 na shanshera a injinsa, kuma nawa ne karyayye a ciki, amsar da za ka ji ita ce ya danganta da shinkafar. Haka ne, ya danganta. Sai dai wanda bai san da me ya danganta ba, ba shi ke juya sana'arsa ba, sana'ar ce ke juya shi.

A ɗauka injinka yana cin tan 2 na shanshera a rana. In tsabar da ke fita kashi 58 ce cikin 100, ka sami kilo 1,160. In 63 ce, kilo 1,260. Tsakaninsu kilo 100 ne, wato buhu biyu masu kilo 50 kowace rana, buhu 50 a watan da aka yi aikin kwana 25. Kuɗin shanshera bai canja ba, dizal ɗin da aka ƙona shi ne dai, ma'aikata su ne dai. Ba wanda ya saci buhunan nan. Ƙwayar ce ta farfashe ta zama gari da tsaki, ta bi buntu da dusa ta fita ta bayan inji, kuma ba wanda zai yi cigiyarta tunda ba a taɓa ɗura ta a buhu ba.

Ita shanshera, kusan kashi 20 na nauyinta buntu ne, kashi 8 zuwa 10 dusa, abin da ya rage wajen kashi 70 shi ne tsaba. Inji mai roba, wato mai ɓare shanshera tsakanin robobi biyu masu juyawa, in an saita shi da kyau yana iya ba da 65 zuwa 70 daga shanshera mai tsabta. Tsohon injin ƙarfe mai ɓarewa da gogewa a zuwa ɗaya sau da yawa ba ya wuce 55 a ɗanyar shinkafa, ko da yake turararriya takan fi haka domin ƙwayarta ta yi tauri. Wannan ne ma'aunin da za ka gwada kanka da shi.

Hanyar da nake so in shimfiɗa ba sabuwa ba ce. A duniyar masana'antu ana kiranta Six Sigma. Kamfanin Motorola na Amurka ne ya tsara ta a 1986 ta hannun injiniyansa Bill Smith, sannan General Electric ya rungume ta a 1995 zamanin shugabancin Jack Welch, daga nan ta bazu. Tushenta ya girmi haka: tun 1924 Walter Shewhart ya fito da jadawalin sa ido kan aiki, kuma W. Edwards Deming ya koyar da irin wannan tunani ga masu masana'antun Japan daga 1950. Burin da ya ba hanyar sunanta shi ne kada kuskure ya wuce 3.4 a cikin miliyan, wato mataki na shida a ma'aunin inganci da ake kira sigma. Kada wannan adadi ya razana kowa, ba da mai injin shinkafa ake ba. Wurin da ake dawo masa da buhu 7 cikin 100 yana wajen mataki na uku ne a ma'aunin, domin mataki na uku kuskure 66,807 ne a miliyan. Mataki na huɗu 6,210 ne, wato kamar buhu 6 cikin 1,000. In ka tashi daga na uku zuwa na huɗu, ka riga ka sauya sana'arka. Abin ɗauka a cikin hanyar shi ne jerin matakanta biyar da ake taƙaitawa da DMAIC: a fayyace matsala, a auna, a binciko dalili, a gyara, a tsare gyaran. Ƙarfinta yana cikin bin jerin. Mu kuwa mun saba da tsallakawa daga jin ƙorafi zuwa kiran makaniki. Akwai masu ba da takardun shaida na koriyar ɗamara da baƙar ɗamara a wannan fanni, kuma karatu ne mai amfani ga mai aiki a babban kamfani, amma ba sai da su za ka fara ba.

Fayyace matsala aikin yini ɗaya ne. "Ingancin shinkafarmu ya ragu" ba magana ba ce da za a iya kama ta. Wadda za a iya aiki da ita ita ce irin wannan: daga Disamba zuwa yau karyayya a buhunmu na turararriya tana kaiwa kashi 30, masu saye ba sa karɓar sama da 15 sai da ragi, muna so mu sauko 15 cikin wata uku. Akwai abin da ya lalace, akwai adadi, akwai wa'adi. Matsala ɗaya tak ake ɗauka. Kuma mai saye ne ke faɗin abin da yake aibi, ba mai inji ba. Mai masa da mai tuwon shinkafa ba ruwansu da karyewar ƙwaya, tsakuwa da wari ne ke korarsu. Mai gidan abinci da ke dafa-duka, da dillalin da zai loda mota zuwa kudu, su doguwar ƙwaya mai launi ɗaya suke biya wa kuɗi. Haka ma in aikinka casar haya ne, mutane na kawo nasu kana cashe musu, abin da ya dame su shi ne yawan abin da ya fito da tsawon jira. Sai ka zauna da ma'aikata ku zana yadda aiki ke tafiya daga saye, wanki, jiƙo, turarawa, shanya, cire tsakuwa, casa, gogewa, tankaɗe, har ɗuri da ɗinki. Su za su faɗa, kai ka rubuta, domin abin da ake yi a filin shanya ba lalle ne ya zama abin da ka ɗauka ana yi ba.

Aunawa ce ƙashin bayan aikin, kuma a nan yawancin masu farawa ke karaya. Farkon abin da za a yarda da shi shi ne buhu da mudu ba ma'auni ba ne a wannan aiki. Wani buhun shanshera kilo 75 ne, wani ya haura 90, duk sunansu buhu. Kayan da ake buƙata ba su da yawa: babban sikelin ƙasa, ƙaramin sikeli mai lamba wanda ke karanta giram, na'urar auna danshin hatsi, ma'aunin zafi na ruwa, da littafi mai tauri. Na'urar danshi ita ce mai ɗan tsada a cikinsu, kuma ita ce ba a yi mata madadi. Tauna ƙwaya da haƙori tana gaya maka ta bushe ko ba ta bushe ba, amma ba ta raba maka danshin kashi 14 da na kashi 11, alhali a tsakanin waɗannan biyun ake yin asarar.

Kafin ka yarda da sikeli, gwada shi. Litar ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ruwa lita 20 da aka auna da kyau kilo 20 ne, sai ka ƙara nauyin jarkar da ka auna tun tana wofi. Ɗora buhu ɗaya sau goma, wani lokaci a tsakiya, wani lokaci a gefe, mutum biyu su karanta. In amsar tana yawo da fiye da rabin kilo, a gyara sikelin ko a daidaita ƙasan da yake zaune a kai kafin a rubuta komai. Na'urar danshi kuma a tabbata an saita ta a kan shanshera ba masara ba, kada a zuba mata hatsin da aka kwaso daga rana da zafinsa, a bari ya huce, kuma a auna sau uku daga sama, tsakiya da ƙasan buhu a ɗauki matsakaici.

Ga yadda ake fitar da kason karyayya. A ɗebi tsaba daga bakin inji sau uku, a farkon zubi, tsakiyarsa da ƙarshensa, domin injin da ya ɗau zafi ba ya aiki kamar yadda ya fara. A haɗa a cakuɗa, a baje a raba gida huɗu, a ɗauki gida biyu masu kallon juna a kusurwa, a sake cakuɗawa a raba, har abin da ya rage ya zama giram 100. A zuba shi a kan farin tire a wuri mai haske, a riƙa jan ƙwayoyin da gefen kati, cikakku dama, karyayyu hagu. Ƙwayar da ta kai kashi uku cikin huɗu na tsawonta cikakkiya ake lissafa ta. A nan gardama ke tashi, domin abin da wannan ya kira cikakke wancan zai tura shi hagu. Maganinsa a manna ƙwayoyi biyar a kan kwali da salatif, daga cikakkiya zuwa tsaki, a ja layi inda iyakar take, a rataye kwalin kusa da tiren. Sannan a ba mutum biyu samfuri ɗaya kowa ya tsince shi ba tare da ganin na ɗan'uwansa ba. In ɗaya ya sami giram 18 ɗaya ya sami 26, ba ku fara auna shinkafa ba tukuna, idon mutane kuke aunawa. A maimaita har tazararsu ta dawo giram ɗaya ko biyu.

Littafin kuwa, kowane zubi layi ɗaya: kwanan wata da ƙarfe nawa, daga ina shansherar ta zo da wanda ya kawo, wane iri ce, nauyin da ya shiga, danshinta a bakin inji, wanda ya turara, awa nawa ta yi a shanya, sunan ofareta, kwana nawa robar ta yi a kan inji, nauyin da ya fita, kason karyayya, tsakuwa nawa aka tsinta a kilo ɗaya. A wani shafi dabam a rubuta duk tsayuwar inji, minti nawa da dalili. Mai waya yana iya juye su a Excel ko Google Sheets da yamma, amma rubutun farko na biro ne a gefen inji, a lokacin da abin ya faru. Abin da aka bari sai dare a rubuta daga ka, ƙiyasi ne. Ana buƙatar zubi 20 zuwa 25 kafin a ce an ga hoton aikin, kuma a tsawon wannan lokaci ba a gyara komai. Wannan ne mai wuya. Mai inji zai ga lamba marar daɗi a rana ta uku hannunsa ya yi ƙaiƙayi, amma in ya taɓa saiti yanzu ba zai taɓa sanin daga ina ya tashi ba.

Da lambobi sun taru, kada matsakaici ya ruɗe ka. Injuna biyu suna iya samun matsakaicin karyayya 20, amma na farko kullum yana tsakanin 18 da 22, na biyu yau 8 gobe 35. Na farko yana da kaya mai suna da farashi, mai saye ya san abin da zai tarar. Na biyu kowane buhu sai an soke an duba, kuma dillali zai yi masa farashin mafi munin buhunsa ne. Rashin daidaito shi ne abokin gaba na farko a wannan hanya. Kuma akwai albishir a cikinsa: injin da ya taɓa ba da 8 ya nuna yana iyawa, abin nema shi ne me ya bambanta ranar 8 da ranar 35.

Fara binciken da shafin tsayuwar inji, domin shi ne mai sauƙi. A ce a wata guda inji ya tsaya awa 60: awa 27 rashin wuta da jiran dizal, awa 15 jiran shinkafa ta bushe, awa 9 tsinkewar bel, awa 5 yagewar rariya, awa 4 sauran ƙananan abubuwa. Jera su daga babba zuwa ƙarami, sai ka ga biyun farko sun cinye awa 42, kashi 70 na asarar. Wannan jeri shi ake dangantawa da Pareto, wani masanin tattalin arziki ɗan Italiya, kuma Joseph Juran ne ya shigo da shi harkar inganci: 'yan dalilai kaɗan ke haifar da mafi yawan ɓarna. Tsinkewar bel ita ta fi tayar da hayaniya a wurin aiki, ita kowa ke tunawa, amma littafi ya nuna ita ce ta uku.

Ga karyayya, ɗauko takarda mai layi-layi, ka sa danshi a ƙasa, kason karyayya a gefe, kowane zubi ɗigo ɗaya. Abin da aka sani a ilimin shinkafa shi ne danshin da ya fi dacewa da casa wajen kashi 14 ne. In ya haura, ƙwaya tana da laushi, tana murƙushewa tana toshe rariya. In ya yi ƙasa sosai, tana yin gautsi. A Gombe da Bauchi, daga Nuwamba zuwa Afrilu, na biyun ne ya fi cin mutane, domin iskar hunturu da zafin bazara suna iya sauko da shanshera ƙasa da 12 cikin 'yan awoyi ba tare da kowa ya lura ba. Kuma ba yawan bushewar kaɗai ba ne, har da saurinta. Bayan ƙwaya yana bushewa ya tsuke alhali cikinta na da ruwa, sai ta tsage a cikin buntunta. Haka kuma busasshiyar ƙwaya da ta sha raɓa ko yayyafi takan tsage, kamar tukunyar ƙasa mai zafi da aka watsa wa ruwan sanyi. Ka ɓare irin wannan ƙwaya da farce ka ɗaga ta a haske, za ka ga siririn layi ya ratsa ta. Ta riga ta karye tun a filin shanya, inji bayyana ta kawai ya yi. Ɓare ƙwaya 100 da hannu kafin casa a ƙirga masu tsaga gwaji ne da ba ya cin ko sisi, kuma shi ke raba laifin inji da laifin shanya.

Daga nan sai a rarraba lambobin gida-gida: bisa mai kawowa, bisa iri, bisa ofareta, bisa kwanakin da roba ta yi. Gaurayen iri babbar masifa ce da ba a cika ambata ba. In an haɗa doguwa siririya irin FARO 44 da gajera mai kauri a buhu ɗaya, babu saitin da zai yi wa duka biyun daidai: in an matse roba domin siririyar, mai kaurin ta fashe, in an sassauta, siririyar ta wuce da buntunta. A nan ake buƙatar taka-tsantsan, domin lambobi suna iya nuna yatsa ga marar laifi. Littafi zai iya nuna karyayya ta fi yawa a hannun ofaretan yamma. Kafin a yi masa magana a duba wace shinkafa yake samu. In shi ke cashe wadda ta wuni a rana har la'asar, na safe kuma yana samun wadda ta kwana a tare ta huce, to ba hannunsa ba ne. A musanya musu lokaci na mako guda, a ga ko lambar ta bi mutumin ko ta zauna a lokacin.

Ruwa ba ya tsami banza, amma dalilin farko da aka ba ka ba kasafai yake zama na ƙarshe ba. A kamfanin Toyota aka san al'adar tambayar "me ya sa" har sau biyar, kuma tana aiki a nan kamar an yi ta dominmu. Rariya ta yage. Me ya sa? Tsakuwa ta shiga. Me ya sa ta shiga alhali akwai injin cire tsakuwa? An kewaye shi. Me ya sa? Yana rage gudun aiki. Me ya sa gudu ya fi damun ofareta a kan tsabta? Domin bisa yawan buhu ake biyansa. Ka ga an tashi daga rariya an sauka a kan tsarin biyan da mai inji ya kafa da kansa. Sayen sabuwar rariya ba zai taɓa wannan ba. Irin wannan zama ba ya yiwuwa sai ma'aikaci ya sami bakin magana. In ofareta ya ce, "Alhaji, wallahi tun shekaranjiya robar nan ta cinye gefe guda," amsar da ke buɗe ƙofa ita ce, "To Malam, zo ka nuna mini," ba tambayar me ya hana shi faɗa tun shekaranjiyar ba. Wanda yake son tsari a zaman yana iya zana ƙashin kifi irin na Kaoru Ishikawa a allo, matsala a kai, kowace ƙaya rukuni guda: mutane, inji, kaya, hanyar aiki, awo, yanayi. Amfaninsa hana taro ya tare a kan dalili ɗaya. Duk abin da aka rubuta a allon zato ne har sai littafi ko gwaji ya gaskata shi.

Gyara kuma gwaji ne, ba umarni ba. Ƙa'idarsa abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a kan shinkafa guda. Ɗauki kaya daga mai kawowa ɗaya, iri ɗaya, turari ɗaya, ka raba biyu. Rabi a shanya shi yadda aka saba. Rabin kuma a baje shi kaurin santimita 2 zuwa 4, a riƙa juyawa kowane rabin awa, da danshi ya sauko wajen 17 ko 18 a kwashe daga rana a tara a inuwa a rufe, ya huta awoyi ko ya kwana domin ruwan cikin ƙwaya ya daidaita da na bayanta, sannan a ƙarasa busarwa a hankali zuwa 14. A cashe su a inji ɗaya, hannu ɗaya, a auna. A maimaita aƙalla sau huɗu ko biyar, ana sauya wanda ake fara cashewa, domin kada zafin inji ya shiga lissafin. In sabuwar hanya ta yi nasara kowane karo da tazarar da ta fi yawon da lambobin suka saba yi, ta tabbata. In sau uku ta ci sau biyu ta faɗi, ba a gano komai ba tukuna.

Haka za a bi sauran. Ruwan jiƙo mai zafin digiri 60 zuwa 70 yana gama aiki cikin awoyi. In ya wuce haka ƙwaya ta fara dahuwa ta fashe tun a ruwa, in kuma ruwan sanyi ne aka bar ta kwana biyu ko uku, ta yi tsami, warin kuma ba ya fita ko an goge. Farin tabo a tsakiyar ƙwaya alama ce jiƙo ko turari bai ratsa ba, kuma irin wannan ƙwaya tana saurin karyewa. A injin roba, ɗaya robar ta fi ɗaya gudu, saboda haka ta fi saurin cinyewa, sai a riƙa musanya musu wuri. Kada a matse su don a ɓare komai a zuwa ɗaya: kashi 85 zuwa 90 shi ne daidai, sauran a raba a mayar. Gogewa sau biyu a sassauce ta fi sau ɗaya a matse, domin matsi yana kawo zafi, zafi yana kawo karyewa. Duk waɗannan sanannu ne, amma injinka da shinkafarka ne za su faɗi wanne ya fi ciwo a wurinka, kuma littafi ne bakinsu. Sai an gama da waɗannan marasa tsada ake maganar sabon inji, kuma a lokacin kana da lambar da za ka raba kuɗinsa da ita ka san wata nawa zai mayar.

Akwai wata ɓaraka a wurin ɗuri da ta cancanci a duba ta ko ba ita ce matsalar da aka ɗauka ba. Inda awo ke yawo, mai ɗuri yakan ƙara kilo guda a kowane buhu don gudun ƙorafi. A injin da ke fitar da buhu 24 a rana, kilo 24 ke nan, kilo 600 a kwana 25, buhu 12 kyauta. Tauye mudu haramun ne kuma yana kashe suna, ba wanda ke cewa a rage wa mai saye. Abin da ake so shi ne awon ya daidaita har a iya tsayawa a kilo 50 da giram 100 ko 200 ba tare da wani buhu ya gaza ba.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ake yawan watsarwa, shi ya sa gyara kan yi wata biyu ya koma gidan jiya. Sabuwar hanyar a rubuta ta gajera, da Hausa, boko ko ajami, duk wanda ma'aikatan suka fi karantawa, a manna inda ake aikin: kaurin shanya kaza, a kwashe a danshi kaza, ba a zuba wa inji abin da ya gaza 13 ko ya haura 14 da rabi. Sannan a kafa jadawalin sa ido, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin mai kalkuleta ba. Ɗauki kason karyayya na zubi 20 zuwa 25 bayan gyara, ka fitar da matsakaici. Sai ka fitar da tazarar kowane zubi da wanda ya gabace shi: in an sami 14, 15, 13, 14.5, tazarar ita ce 1, 2, 1.5. Fitar da matsakaicin tazarar, ka ninka da 2.66. A ce matsakaicin karyayya 14 ne, na tazara 1.5, ninkin ya ba da kusan 4. Ja layi uku a takarda: 14 a tsakiya, 18 a sama, 10 a ƙasa. Kowane zubi ofareta ya sa ɗigonsa da hannunsa.

Muddin ɗigo yana yawo tsakanin layukan, a bar inji ya yi aikinsa. Wannan yawo na ɗabi'ar aikin ne, kuma mai murɗa saiti duk lokacin da lamba ta ɗan motsa ƙara rashin daidaito yake yi, abin da Deming ya daɗe yana gargaɗi a kai ke nan. Abu biyu ke sa a tsaya a bincika: ɗigo ya tsallake layin sama ko na ƙasa, ko ɗigo takwas a jere sun zauna gefe ɗaya na layin tsakiya. Na biyun shi ke kama cinyewar roba tun kafin mai saye ya gani. Wanda ya faɗo ƙasa da 10 shi ma a bi shi, domin ko an yi kuskuren awo, ko an yi wani abu mai kyau da ya kamata a gane a riƙe. A rubuta tun farko wa zai yi me in hakan ta faru: a sake auna danshi, a duba roba da rariya, a ɓare ƙwaya 100, in ba a gano ba a kira mai inji. Kuma kada a taɓa cire wa mutum kuɗi saboda ɗigon da ya sa. Ranar da aka yi haka, daga ranar duk ɗigo zai riƙa sauka a kan layin tsakiya, littafin ya zama ƙawa. In za a haɗa lada da lamba, a haɗa ta da kilon cikakkiyar ƙwaya da aka fitar a wata, a raba wa masu shanya da masu turari da ofareta tare.

Tsarewar tana kaiwa har wurin saye. Shanshera mai danshi ruwa kake biya wa kuɗi, kuma lissafinsa a fili yake: nauyi sau abin da ya rage in an cire danshinta daga 100, a raba da 86, wato 100 in an cire 14. Kilo 100 mai danshi 20 zai koma kilo 93 in ya sauko 14. Mai danshi 18 zai koma kilo 95 da ɗan kai. In an auna a gaban mai kaya, an nuna masa lambar, ragin ya zama magana ta adalci, kuma manomin da ya kawo busasshiya mai iri ɗaya ya cancanci ƙari a kan farashin kasuwa, domin shi ne mai rage maka aiki.

Layukan jadawalin ba na dindindin ba ne. Wanda aka ja da shinkafar damina a cikin hunturu ba zai yi daidai da shinkafar rani ta yankin madatsar ruwan Dadin Kowa da ke isowa ana shirin saukar ruwa ba, lokacin da iska ta yi laima, shanya ke jan lokaci, matsala kuma ta juya daga yawan bushewa zuwa ƙarancinta da fumfuna. In kaka ta juya, ko an sa sabon inji, ko an sauya iri, a tara sabon zubi 20 a sake lissafa layukan. A daidai lokacin ne kuma ake komawa shafin tsayuwar inji a sake jera dalilai, a ɗauki wanda ya hau sama a rubuta shi da adadi da wa'adi.